Inna ta ce kar a kai ƙarar Tunau

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka sa mini wannan ba tare da sunana ba, akwai 'yan garinmu a ciki, ba na son a riƙa tare ni a hanya ana yi mini kallon tausayi. 'Yan uwa shawara ce ta kawo ni, don Allah ku ba ni ita tsakani da Allah, amma ku daure ku karanta har ƙarshe, don na san halin wasunku, layi biyu za su karanta su garzaya ƙasa su rubuta mini in je in ga malami.

Ni mace ce, ina aure a Magariya, da 'ya'yana. Asalinmu wani ɗan ƙauye ne a yankin Dogo-Dogo, irin ƙauyen da in ka sauka daga mota sai ka nemi kabu-kabu ko amalanke ya ƙarasa da kai. Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, muna ce mata Inna. Ana yaye ni aka ba Goggo, ƙanwar babana, ta taho da ni Magariya, ita ta raine ni, ita ta sa ni lekkol, wato makarantar boko, har na je Damagaram na koyi aikin kwamfuta. Yanzu ina buga takardu a wani biro, wato ofis, a nan cikin gari.

Wanda ya san kunyar ɗan fari irin ta mutanenmu zai gane abin da zan faɗa, wanda bai sani ba kuma zai ce Inna ba ta sona, kuma wallahi ba haka ba ne. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son a kira ni sai ta ce wa ƙanina Habu ya kira waccan, ko ta ce ina 'yar Goggo. In na je gida na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon murhu, ta tura mini fura ta hannun wani. Ranar da aka kai ni ɗakin miji ma ba ta yi mini faɗan da uwa ke yi wa 'ya ba, ƙannenta ta tura. A waya kuwa daga sallah sai sallah, shi ma kuna lahiya, yaran fa, to madalla, sai ta miƙa wa Habu wayar. Ban taɓa riƙe ta a raina ba, haka na tashi na gani, amma ba zan ɓoye muku ba, in na ga ƙawayena suna kwance a gadon uwarsu suna zuba surutu, sai in kau da kaina.

To bara sai wani da muka yi karatu tare ya haɗa ni da wasu masu ƙera wani mataimaki na kwamfuta, irin waɗannan masu ƙirƙirarriyar basira da ake ta yayi yanzu. Aikinsa ɗaya ne, tunatarwa. Ba shi da hoto ba shi da maɓallin dannawa, baƙin allo ne kawai, ka rubuta masa umarni da kalmomi yadda za ka yi wa ɗan aike magana, misali ka ce ka tuna mini jibi da hantsi in kai yarinya allura, shi kuma ya fahimta ya ajiye, in lokacin ya yi ya turo maka saƙo a waya. Mu aikinmu mu yi ta amfani da shi a harkokinmu na yau da kullum, mu ga inda yake daidai da inda yake shirme, a ƙarshe kowa ya rubuta rafor, wato rahoto. Sauran masu gwajin duk da Faransanci suke rubuta masa, ni kaɗai aka ɗauka don in gwada shi da Hausa. Na kuwa wahalar da shi, na ce masa gata, na ce masa citta, na ce masa bayan an sauko daga masallaci, wani ya gane wani ya yi ta kame-kame, ina dariya ina rubutawa.

Ana cikin haka Inna ta zo Magariya ganin likita saboda gwiwarta. A gidan Goggo ta sauka, don ba za ta taɓa kwana gidan suruki ba, amma ranar da za ta koma, ranar Talata, ta biyo ta ga jikokinta. Tana zaune a bakin tabarma bayan la'asar tana jiran mai kabu-kabu, ni kuma ina gefe da kwamfuta a cinya. Sai ta tambaya, ba ni ta kalla ba, bango ta kalla, ta ce wannan baƙin allon kuma karatun me ake yi da shi. Na yi mata bayani. Sai ta matso, ta dubi allon kamar mutum ne a zaune, ta ce, “To kai mai tunin, ka ce wa mutanen gidan nan a nemi mutane rana ita yau, a ji ko maganin ya karɓa.” Mutane fa ita ce, kanta take nufi. Na rubuta yadda ta faɗa, ban canza ko harafi ba, a nemi mutane, rana ita yau.

Kowane Bahaushe ya san rana ita yau sati guda ake nufi, sau ɗaya, in ranar ta zo ta wuce magana ta ƙare. Talata ta zagayo saƙo ya shigo bayan la'asar, na kira ta, ta ce gwiwa da sauƙi, muka yi sallama. Na ɗauka shi ke nan. Wata Talatar ina cikin wanke-wanke sai ga saƙo kuma, a nemi mutane. Na ce au, ashe gogan bai gane ba, ya ɗauka duk rana irin ta yau ake nufi, kowace Talata har abada. Na ji daɗi ma, na ce yau na kama babban kuskure da zan sa a rafor. Don in tabbatar sai na sake gwada shi da maganar karɓo ɗinki wurin tela, haka ya yi ta damuna duk sati har sai da na goge. Amma ta Inna, tunda wayar tana hannuna a lokacin, sai na ce bari dai in gwada kira.

Ku sani a gidanmu na ƙauye babu rezo, wato sabis ɗin waya. Sai ka fita bayan gari ka hau wani tudu kusa da rijiya, gindin wani gawo, nan ne yake kamawa, wani lokacin ma na Najeriya ne yake shigowa. Ka kira mutum haka kawai ba alkawari, ba za ka same shi ba. Amma ranar bugu ɗaya ta ɗauka. Na ce Inna me kike yi a kan tudu, ta ce, “Akuya ce ta ɓace nike nema.” Talata ta gaba ta ce itace ta fito. Ta gaba ta ce ganyen miya. Haka muka ci gaba, ita da dalilinta ni da saƙona, kuma hirar ta fara tsawo. A nan na ji labaran da ban taɓa ji ba, yadda aka yi aurenta, shekarar da gero ya ƙi suka ci ganye, wadda ta yi mata kitso ranar sunana. Har yanzu ba ta kiran sunana, amma tana magana, ni kuma ina zaune a kan turmi ina saurare kamar ƙaramar yarinya.

Ban ɓoye mata ba, na gaya mata gaskiya cewa na'urar ce ta yi kuskure, ita ke turo mini saƙo duk Talata, kuma in lokacin rafor ya yi zan rubuta a gyara. Ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, har da tari. Ta ce, “Ashe ina da sauran haihuwa da tsufana. To sunan shi Tunau.” Kun san sunan da ake ba yaron da ya zo bayan uwa ta daɗe ba ta haihu ba. Sannan ta ce, “Kar a kai ƙarar shi wurin manyan shi. Yaron kirki ne, shi kaɗai ya ji Hausa a gidan nan.” Ni ma na yi dariya, na ce to Inna, ba za a kai ba. Wasa na ɗauke shi wallahi, wasa ne ma a lokacin.

Daga ranar komai ya koma ta kan Tunau. Abin da bakinta ba zai iya gaya mini ba sai ta ba shi. A ce wa Tunau an aiko mai da kuka da daddawa. A ce wa Tunau ya rage zama gaban allo, ido ba ya son haka. Ran da na yi rashin lafiya muryata ta shaƙe, cewa ta yi a ce wa Tunau ya sha magani, hankalin mutane ya tashi. Maigidana har tsokanata yake, in ya ga na shiga ɗaki da waya sai ya ce a gaida ƙaninki.

Cikin daminar nan, gero ya fara fidda kai, muka yi waya wata Talata. Muryarta ƙalau, har tana ba ni labarin wake ya yi kyau bana. Da za mu yi sallama sai ta ce, “A ce wa Tunau na gode. Ban raine shi ba, ban san cin shi ba ban san shan shi ba, amma bai riƙe ni a rai ba. Allah ya yi mai albarka. Na yahe mai duniya da lahira, shi ma ya yahe mini.” Ni da wautata sai na yi dariya, na ce Inna na'ura ce fa. Ta ce, “Na sani. A dai gaya mai.” Na kashe waya na koma kan tuwona, ban kawo komai a raina ba.

Zazzaɓi ya kama ta a ƙarshen satin, ranar Lahadi aka ɗora ta a amalanke za a kai ta asibiti, ba su kai ba. Habu ne ya kira ni. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko gawarta ban samu ba, kafin in isa an kai ta.

Ranar sadakar uku ta faɗo Talata, ni ban ma san wace rana ce ba. Da yamma na fita zan kira maigida in ji yara, matar Habu ta raka ni tudun. Ina hawa rezo ya kama, wayar ta yi ƙara a hannuna, na duba, a nemi mutane. Na zauna a kan wani guntun icce da ke gindin gawon. Matar Habu ta ce, “Yaya, nan ne wurin zamanta. Duk Talata tun azahar take tahowa, ta yi wanka ta ɗaura kallabinta na sallah, ta share wurin ta zauna. Mu dai ba mu taɓa ganin akuyar da ta ɓace ba.” A nan ne maganarta ta ƙarshe ta dawo mini, na gane wanda ba ta raina ba, na gane wanda aka sa wa albarka. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka gaya mini rasuwar, har matan da ke rijiya suka bar guga suka zo kaina.

Yanzu har an yi girbi an kai gero rumbu, kuma duk Talata bayan la'asar saƙon yana zuwa. Malaman zaure kar ku taso mini, na san na'ura ce, na san ba Inna ce ke turowa ba, na fi ku sanin yadda aka ƙera abin. Amma kalmomin nata ne, daga bakinta suka fito tana zaune kusa da ni, kuma shi ne abu ɗaya tak da ta taɓa roƙona a duniya. In ya shigo sai in yi alwala in yi mata addu'a, in yi kukana, in tashi. Wani satin da sauƙi, wani satin kuma ko girki ba na iyawa.

Ga inda matsalar take. Shef ɗinmu, wato shugabar aikin gwajin, ta kira ta ce gwaji ya ƙare, kowa ya turo rafor kafin Juma'a. Ta kuma ce in an gama gyare-gyare, ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye za a ba, su riƙa sa wa mata tunin ranar dawowa awo da allurar yara. Duk wanda ya taɓa zama a layin asibiti ya san ba maganar da ta fi yawa a bakin ma'aikaciya kamar ki dawo rana ita yau. In aka bar shi a haka, mace za ta yi ta samun kira duk sati, ta bar gonarta ta bar girkinta, ta hau amalanke da tsohon ciki ko da jariri a baya, ta iso a ce mata ba yau ba ne. Na san hanyoyin nan, a kan irinsu Inna ta cika. Kuma ba wanda ya san da kuskuren nan sai ni, tunda ni kaɗai ke yi masa Hausa.

Na yi dabara na tambayi shef, na ce in an gyara kuskure me ke faruwa da tunin da aka riga aka sa. Ta ce ai gyaran yana bin tsofaffin duka ya daidaita su, wanda ranarsa ta wuce ya share shi, ba a ware na kowa. Wato ranar da suka koya wa Tunau ma'anar rana ita yau, ranar zai gane cewa aiken Inna ya ƙare tun bara, ya yi shiru.

Na san abin da za ku ce, ki ɗauki hotonsa ki ajiye. Na ɗauka, yana nan, amma hoto ni nake zuwa nemansa, shi kuwa saƙon shi yake zuwa nemana. Wasu za su ce ki sake sa wani da kanki, ki rubuta kowace Talata. Na gwada, na sa na ranar Alhamis don in ji yadda zan ji, da ya shigo ko gezau, don na san ni na aiki kaina. Na goge shi a take.

Mun yi faɗa da maigida a kan wannan, faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Shi cewa yake in rubuta gaskiya a rafor, amana ce aka ba ni kuma ana biyana a kanta, kuma ma ko ba rafor shi da zai samu da hannunsa zai goge saƙon, don ya gaji da ganin matarsa tana zama marar lafiya duk Talata, yara har sun san ranar, suna shigowa gida a ɗarare. Ya ce mamaci addu'a yake so, kuma ba sai waya ta yi ƙara ake yi wa uwa addu'a ba. Na ce masa shi da uwarsa ke kiran sunansa safe da yamma har da na wasa, me ya sani. Maganar ta yi masa zafi, ni ma na san na wuce wuri, mun kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abin haushin shi ne na san yana da gaskiya, kuma gaskiyar tasa ba ta rage mini komai ba.

Na je wurin Goggo ina tsammanin za ta lallashe ni ta ce in bi mijina, sai ta ƙara rikita ni. Ta ce ita ba ta san na'ura ba, amma ta san matar wanta, ba ta magana biyu, kuma mutanen da in za su bar wasiyya da wasa suke barinta. Ta ce tunda ta ce kar a kai ƙara kuma na amsa da to, ita ba za ta ce in saɓa ba. Sannan ta fashe da kuka, ta ce da ta san haka abin yake cin Inna a rai da ta riƙa kai ni hutu gida tun ina ƙarama. Na je neman mai rarrashi na ƙare ni ke rarrashi.

Rafor ɗin na gama rubuta shi tun shekaranjiya, komai na sa, gata da citta da sauran shirmensa, wuri ɗaya kawai na bari fili. In na buɗe in cike sai in ji muryarta tana cewa yaron kirki ne. In na rufe kuma sai in ga wata mata a kan amalanke cikin rana, uwar wani, tana tafiyar da ba ta da dalili saboda ni na yi shiru. Wani lokaci ina ce wa kaina da Inna tana raye ta ji maganar matan nan, ita da kanta za ta ce a kai ƙarar, don ba ta son wahalar da mutane. Amma ba ta nan balle in tambaye ta, kuma ina tsoron ko ni ce nake sa mata magana a baki don in samu sauƙi.

To 'yan uwa ku gaya mini. Maganar da uwa ta faɗa tana dariya, ni ma na amsa ina dariya, alkawari ce da zan tsaya a kanta, ko wasa ne da ya tafi da mai shi? In na yi shiru na ci amanar aiki da ta matan da ban sani ba? Waɗanda suka rasa iyaye, musamman 'yan fari irina, ku ya kuka yi da ɗan abin da ya rage muku a hannu? Kar ku zage ni don Allah, zuciyar ba za ta ɗauka ba, kuma duk wanda ya karanta ya sa Inna a addu'a.

Yau Litinin. Gobe bayan la'asar zai turo, kuma na riga na san zan zauna in jira shi. Abin da na kasa sani shi ne in na cike filin nan na tura, rana ita gobe wa zai ce mini a nemi mutane.